Daga Ƙwai 12 Zuwa Ƙwai 300: Yadda Zaɓen Iri da Ciyarwa Suka Sauya Kaza

Gabatarwa

Duk wanda ya san ƙauyukan yammacin Jihar Zamfara, watau yankunan Anka da Gummi da Bukkuyum, ya san da wuya ya shiga gidan da ba a kiwon kaji. Kaza ita ce asusun matar aure. Ita ake sayarwa a sayi magani idan yaro ya kwanta, ita ake yanka wa baƙo, ita ake kai wa mai jego. Amma ƙwan da mai shayi ke soyawa a tashar Gummi ko a bakin titin Anka ba na waɗannan kaji ba ne. A kiret ake kawo shi daga gidajen gona, wani lokaci daga nesa ƙwarai. Dalili kuwa shi ne, kazar gida takan yi ƙwai 30 zuwa 60 ne a shekara, alhali kazar gidan gona takan yi kusan 300. Ga shi kuma jinsinsu ɗaya, domin zakaran wannan yana barbarar waccan a sami 'yan tsaki lafiyayyu.

Wannan tazara ba ta fi shekara 120 da samuwa ba, kuma abubuwa biyu ne suka haifar da ita: zaɓen iri da ingancin abinci. Wannan maƙala za ta bi tarihinsu, ta nuna cewa tare suka yi tafiya, kowane yana dogaro da ɗan'uwansa. Sanin haka zai amfani mai kiwo, domin mutane da yawa sun zuba jarinsu a kan 'yan tsakin gidan gona, suka sake su a tsakar gida su yi tono, daga ƙarshe ba ƙwai ba kaji. Haka kuma batun ya shafi lafiyar yara. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yaran Arewa maso Yamma 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Ƙwai ɗaya kuwa yana ɗauke da kimanin giram 6 na furotin, watau sinadarin gina jiki, irin wanda jikin yaro ya fi sauƙin sarrafawa.

Asalin kaza

Kakar kaza wata tsuntsuwar daji ce da masana ke kira Gallus gallus, wadda har yanzu take rayuwa a dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya. Takan yi ƙwai 10 zuwa 15 ne a shekara, kuma sai a lokacin da abinci ya wadata a daji. Wani bincike da aka buga a 2022 ya nuna cewa ƙasusuwan kazar gida mafi daɗewa da aka tabbatar su ne na Ban Non Wat a ƙasar Tailan, na tsakanin 1650 da 1250 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.). Zamanin ya zo daidai da yaɗuwar noman shinkafa da wani nau'in gero a yankin. Ke nan hatsi ne ya janyo tsuntsuwar daga daji zuwa gindin rumbu, kuma tun daga ranar farko abinci yana cikin labarin.

Daga Asiya kaza ta bi fatake da jiragen ruwa ta watsu. An tono ƙasusuwanta a arewacin Habasha na ƙarnoni da dama kafin Miladiyya, da kuma a Kirikongo ta Burkina Faso na shekaru 1000 na farkon Miladiyya. Lokacin da Ibn Batuta ya ratsa ƙasar Mali a 1352, ya ambaci kaji cikin abubuwan da matan ƙauye ke fito wa matafiya da su.

A tsawon waɗannan ƙarnoni babu wanda ya zauna ya ƙirga ƙwan kowace kaza domin ya zaɓi wadda za ta bar baya. Shaho da shirwa da muzuru da annoba da yunwar rani su ne suka yi zaɓen. Wadda ta tsira ita ce ƙarama mai zafin nama, mai iya neman abincinta, mai faɗa a kan 'ya'yanta. Wannan ita ce kazar da ke yawo a Zugu da Gwashi da Ɗaki Takwas.

Lissafin shekarar kazar gida

Idan aka lissafa yadda kazar gida ke cinye shekararta, za a ga inda ƙwan ya tafi. Takan ɗauki mako 2 zuwa 3 tana saka ƙwai 12 zuwa 15. Sai ta yi kwanci kwana 21. Bayan ƙyanƙyasa takan yi kimanin wata 2 ko fiye tana jan 'yan tsaki, sa'an nan ta ƙara makonni tana mayar da jiki. Zagaye ɗaya ya tashi kusan wata 4. Saboda haka sau 3 za ta yi a shekara, jimla ƙwai 40 ko abin da ya yi kusa da haka. Watau daga cikin mako 52, waɗanda take saka ƙwai a cikinsu ba su kai 10 ba.

Abin da ke sa ta kwanci wani sinadari ne mai suna furolaktin, wanda wani ɗan ƙullutu da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa yake zubawa cikin jini. Taɓa ƙwayaye da ƙirjinta yana ƙara yawansa, shi kuma yana dakatar da mahaifar ƙwai. Wannan ne ya sa idan ana kwashe ƙwan kullum, kaza takan daɗe tana sakawa kafin ta kwanta.

Bai kamata a ɗauki kwanci a matsayin aibu ba. A ƙauyen da babu lantarki, kaza mai kwanci ita ce injin ƙyanƙyasa. Da damina, lokacin da zabi ke saka ƙwai da yawa amma ba su iya zama a kansa, ƙarƙashin kaza mata ke zuba ƙwan zabin, ta ƙyanƙyashe shi bayan kwana 26 zuwa 28. Shi ya sa ƙwan zabi ne ake dafawa a kai kasuwa, na kaza kuwa a bar shi iri. Babbar hasarar tana zuwa ne daga baya, domin rabin 'yan tsaki ko fiye sukan mutu kafin su cika wata 2. Uwar gida tana barin ƙwan duka a ƙyanƙyashe ne don cike wannan gurbi, shi ya sa ba a samun wanda za a dafa wa yaro.

Yadda ƙwai ke samuwa

Kafin a fahimci abin da masana suka sauya, wajibi ne a san yadda ƙwai ke samuwa. Mahaifar ƙwai ta hagu kaɗai ke aiki a jikin kaza. Hanta ce ke haɗa kitse da furotin na gwaiduwa, jini ya kai su mahaifa, inda gwaiduwoyi ke jere manya da ƙanana, kamar yadda duk mai gyaran kaza ya saba gani. Idan babbar ta nuna, sai ta faɗa cikin wani bututu mai tsawon kimanin santimita 60. Takan yi kusan awa 3 a sashen da ake lulluɓe ta da farin ƙwai, awa 1 da 'yan mintoci a inda ake sa mata tantani, sa'an nan kimanin awa 20 a inda ake gina ɓawo. Aikin duka yakan ci awa 24 zuwa 26. Ba a buƙatar zakara domin wannan aiki. Zakara yana da amfani ne kawai idan ana son ƙwan ya ƙyanƙyashe.

Abubuwa biyu suka fito daga wannan bayani. Na farko, kaza ba ta iya wuce ƙwai ɗaya a yini, saboda haka masu zaɓen iri ba su ƙara wa bututun sauri sosai ba, ranakun hutu suka rage. Na biyu, kowane ɓawo yana cin kimanin giram 2 na kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, alhali duk abin da ke jikin kazar bai wuce giram 20 zuwa 25 ba. Kaza mai ƙwai 300, kowane giram 60, tana fitar da kilo 18 na ƙwai a shekara, watau nauyin jikinta sau 9, da kalsiyam giram 600. Duk wannan ta baki zai shiga.

Zaɓen iri

Matakin farko shi ne samun irin da ba ya son kwanci. An daɗe da sanin cewa kajin yankin Bahar Rum, musamman farar Leghorn da ta samo suna daga tashar jiragen ruwa ta Liborno a Italiya, ba su cika kwanci ba. A da wannan nakasu ne, sai fa a Masar, inda tun zamanin da ake ƙyanƙyasar dubban ƙwai a ɗakunan ƙasa da ake ɗumamawa da wuta. Da aka ƙera injin ƙyanƙyasa a ƙarshen ƙarni na 19, sai nakasun ya koma riba. Inji ya karɓi aikin uwa, kaza ta ci gaba da saka ƙwai.

Mataki na biyu shi ne ƙirga. A ƙarshen ƙarni na 19 aka fara amfani da akurkin tarko, wani ɗan akwati da ƙofarsa ke rufewa idan kaza ta shiga saka ƙwai, ba ta fita sai an zo an rubuta lambarta. Da shi aka fara sanin ƙwazon kowace kaza. A Kwalejin Aikin Gona ta Oregon a Amurka, Farfesa James Dryden ya samar da wata kaza da aka raɗa wa suna Lady MacDuff, wadda ta yi ƙwai 303 cikin kwana 365 a tsakanin 1912 da 1913.

Sai dai an yi tuntuɓe a hanya. A cibiyar gwajin aikin gona ta Jihar Maine, an yi shekaru kusan 9 ana zaɓen kajin da suka fi ƙwai ana barin 'ya'yansu, amma matsakaicin garken bai ƙaru ba. Masanin halittu Raymond Pearl, wanda ya nazarci alƙaluman bayan 1907, yana cikin waɗanda suka nuna cewa ƙwazon kaza ɗaya ba ya isa shaida, domin babban kaso na ƙwazon nan daga abinci da lafiya da yanayi yake, ba a gadonsa. Sai an duba 'ya'yanta mata da 'yan'uwanta. Haka nan zakara, ko da yake ba ya ƙwai, rabin ƙwayoyin gadon da ke jikin 'ya'yansa mata daga gare shi suke, kuma zakara ɗaya yana barin 'ya'ya fiye da kaza 10. Akwai darasi a nan ga masu kiwon gida. Inda aka saba yanka zakaran da ya fi girma da Salla ko a kai shi kasuwa, a bar ƙaramin yana barbara, zaɓen iri ake yi, amma da baya da baya.

Mataki na uku an aro shi ne daga masara. A 1936 Henry B. Wallace ya fara gwada dabarar a kan kaji a Jihar Iowa, kuma a 1940 aka fara sayar da kajin Hy-Line. Akan tsare zuriyoyi daban-daban, kowace ana aurar da ita a cikin danginta, sa'an nan a haɗa su. 'Ya'yan haɗin sukan fi iyayensu ƙarfi da yawan ƙwai. Yawancin kajin gidan gona, irin su ISA Brown, haɗin zuriya 4 ne. Wannan fifiko ba ya ɗorewa, domin idan aka ƙyanƙyashe ƙwansu, jikokin sukan fito barkatai. Kamar irin masara na kamfani ne, wanda dole a sayi sabo kowace damina. Bayan da aka kammala karanta ƙwayoyin gadon kaza a 2004, kamfanoni sun koma zaɓe ta hanyar gwajin jini tun kaza tana ƙarama, kuma burin da suka sa gaba shi ne ƙwai 500 cikin mako 100.

Ciyarwa da haske

Da iri kaɗai aka gyara, da aikin bai je ko'ina ba. A farkon ƙarni na 20, duk wanda ya kulle kaji a ɗaki sai ƙafafunsu su shanye. Sai a shekarun 1920, bayan gano bitamin D, aka fahimci cewa hasken rana ne ke sa jiki ya haɗa shi, kuma idan babu shi kalsiyam ba ya shiga ƙashi. Da aka fara zuba man hantar kifi cikin abinci, aka sami damar kiwon dubban kaji a ƙarƙashin rufi ɗaya.

Hasali ma kaza ta koya wa ɗan Adam abubuwa da yawa game da abincinsa. A shekarun 1890, a tsibirin Jawa na Indonesiya, likita Christiaan Eijkman ya lura cewa kajin da ake ba farar shinkafa da aka goge sukan shanye, su warke idan aka ba su wadda ba a cire wa dusa ba. Wannan ne ya buɗe hanyar gano bitamin B1. A kan 'yan tsaki ne kuma Henrik Dam na ƙasar Denmak ya fara ganin alamun rashin bitamin K a 1929. A 1948 aka ware bitamin B12, wanda ya bayyana dalilin da ya sa kajin da ke cin ƙwari da tsutsa suke fin masu cin hatsi zalla. A shekarun 1950 aka fara haɗa mesiyonin a masana'anta, ɗaya daga cikin tubalan furotin da hatsi da wake ba su da isasshensa.

Daga waɗannan bincike aka fitar da ma'aunin da ake bi. Kaza mai ƙwai tana buƙatar abinci giram 110 zuwa 120 a yini, mai furotin kashi 16 zuwa 18 cikin 100, da kalsiyam kusan kashi 4 cikin 100. Gero da dawa da masara furotin ɗinsu bai cika wuce kashi 9 zuwa 12 ba, kalsiyam kuwa kusan babu. Saboda haka ko an cika wa kaza ƙwarya da tsabar dawa, ta ƙoshi ne kawai, ba ta sami kayan haɗa ƙwai ba.

Haske shi ne na uku. Tsawon yini ne ke shaida wa ƙwaƙwalwar tsuntsu cewa lokacin haihuwa ya yi, kuma gidajen gona sukan ba kaji haske awa 16 ta hanyar ƙara fitila. A yammacin Zamfara yini ba ya kai awa 13 ko da a tsakiyar damina. Da aka haɗa iri da abinci da haske da rigakafi, matsakaicin ƙwan kaza a Amurka ya tashi daga kimanin 100 a 1900, ya haura 200 a 1960, ya kusanci 300 a 'yan shekarun nan.

Abin da Nijeriya ta gwada

A zamanin mulkin Turawa da shekarun farko na 'yancin kai, ma'aikatun gona sun gudanar da shirin musayar zakaru. Akan karɓi zakaran gida a ba manomi na waje, yawanci jan nan Rhode Island Red. Shirin bai bar wani abin kirki ba. Baƙin zakarun ba su jure cuta da ƙarancin abinci ba, kuma cikin 'yan shekaru jinin nasu ya narke a cikin na gida. An kawo iri, ba a kawo abincinsa ba.

Gidajen gona na zamani sun bunƙasa a shekarun 1970 da kuɗin man fetur, bisa dogaro da iyayen kaji da kayan abinci na ƙasashen waje. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, aka taƙaita shigo da hatsi, darajar naira ta faɗi bayan 1986, da yawansu suka rufe. A wannan lokaci ne Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika, ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ta fara aikin samar da kaza mai ƙwai da ta dace da ƙasar nan. Sakamakon shi ne Shika Brown, wadda aka yi wa rajista a 2000, mai iya yin ƙwai fiye da 250 a shekara idan ta sami cikakkiyar kulawa. A Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Abekuta kuwa, Farfesa Olufunmilayo Adebambo ta jagoranci haɗa jinin kajin gida da na waje, aka sami FUNAAB Alpha, wadda aka yi wa rajista a 2018.

Tsakanin 2015 da 2019, wani shiri na Cibiyar Binciken Dabbobi ta Duniya da ke Nairobi ya raba irin kaji 6 ga gidajen karkara a jihohi 5, ciki har da Kebbi, maƙwabciyar Gummi. Irin su ne Shika Brown da FUNAAB Alpha da Noiler da Kuroiler da Sasso da kazar Fulani. Ingantattun irin sun fi kajin gida girma da ƙwai, amma ba su kai abin da suke yi a tashar bincike ba, kuma mace-mace ya ci da yawa. Gwaje-gwaje da dama sun nuna kuma cewa ita kanta kazar gida, idan aka ciyar da ita sosai aka riƙa kwashe ƙwanta, takan kai 100 ko sama da haka kaɗan. Ke nan abinci yana iya ninka ƙwanta, amma daga nan iri ya sa mata iyaka.

Abincin kaji a yammacin Zamfara

Yankin ba shi da ƙarancin kayan haɗi. Akwai dawa da gero da masara, akwai dusar shinkafa daga fadamun Gulbin Zamfara, akwai tunkuzar gyaɗa da waken suya da angurya. A abincin kaza mai ƙwai, hatsi yakan ɗauki rabi ko sama da haka kaɗan, kayan furotin kimanin kashi 1 cikin 4, dakakken dutsen farar ƙasa ko ƙumba kashi 8 zuwa 9 cikin 100, saura kuwa dusa da garin ƙashi da gishiri kaɗan da haɗin bitamin. Sai dai kowane yana da sharaɗi. Waken suya sai an gasa, domin ɗanyensa yana da sinadarin da ke hana narkar da furotin. Dusar shinkafa tana da amfani, ɓuntu kuwa cika ciki ne kawai. Angurya tana da gosifol, wanda ke ɓata launin gwaiduwa idan ta yi yawa. Gyaɗa da masarar da suka yi funfuna suna ɗauke da gubar afalatoksin, wadda aka gano bayan ta kashe talotalo kimanin 100,000 a Ingila a 1960. Tsohuwar dabarar kife tukunya mai kara da kashin shanu a kan shuri domin tara wa 'yan tsaki gara, dabara ce da kimiyya ta amince da ita, domin gara furotin ce mai kyau.

Zafi ma yana da nasa. Kaza ta fi sakewa a tsakanin digiri 18 da 24, alhali a watannin Maris zuwa Mayu zafin yankin yakan haura 40. Kaza ba ta gumi, haki take yi. Hakin yana fitar da iskar da jini ke buƙata wajen gina ɓawo, ga shi kuma cinta ya ragu, sai ƙwan ya ƙanƙance, ɓawon ya yi laushi. Inuwa da ruwa mai sanyi da ciyarwa da sassafe da yamma suna rage wannan. Kajin da wuyansu ba gashi da kuma shazumama sun fi jure zafi, don haka masana ke ganin gado ne da bai kamata ya ɓace ba.

Akwai kuma wani darasi mai ɗaci da ya keɓanta da wannan yanki. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyuka irin su Dareta da Abare a Anka da 'Yargalma a Bukkuyum, inda ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu. Masu bincike sun ji daga bakin mazauna cewa agwagi sun riga yara fara mutuwa. An kankare ƙasar gidajen a 2010 da 2011, ta Bagega kuwa a 2013. Kazar da ke tono tana haɗiyar ƙasa tare da abincinta, kuma an tabbatar cewa dalma tana ratsawa ta shiga ƙwai. Saboda haka duk inda ake daka ko wanke dutsen ma'adini, bai kamata a bar kaji su yi kiwo ba.

Abin da aka biya

Ci gaban nan bai zo kyauta ba. Kazar gidan gona tana aron kalsiyam daga ƙasusuwanta kowane dare, saboda haka karayar ƙashi ta yawaita a cikin tsofaffinsu. Ta rasa ɗabi'ar kwanci, ba ta iya barin baya sai da inji. Zuriyoyin asali kuma suna hannun kamfanoni 'yan ƙalilan a duniya. Mai kiwo a Gummi yana jiran 'yan tsaki daga wuraren ƙyanƙyasa da yawancinsu ke kudu maso yamma, musamman kewayen Ibadan. Kaji 100 suna cin kimanin kilo 11 da rabi a yini, watau buhu mai kilo 25 ba ya wuce kwana 2 da 'yan awoyi, kuma abinci shi ke cinye kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin kiwo. A yankin da satar shanu da hare-haren 'yan bindiga suka addaba tun wajejen 2011, inda hanya kan iya tsinkewa, wannan dogaro haɗari ne. Kwana kaɗan na yankewar abinci ya isa ya tsayar da ƙwai na makonni.

Kammalawa

Tarihin da aka bi ya nuna cewa iri yana ƙayyade iyakar abin da kaza za ta iya, abinci da lafiya kuma su ke ƙayyade abin da za ta yi a zahiri. Don haka akwai tsarin da ya dace mai ƙaramin ƙarfi ya bi. Ya fara da rigakafin cutar Niyukasil, annobar da ke share akurki da hunturu. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom tana yin nau'in maganin rigakafi mai jure zafi, wanda ake ɗigawa a ido duk bayan wata 3 zuwa 4. Sai ya tsare 'yan tsaki a ƙarƙashin kwando ko cikin shinge a makonninsu na farko. Sa'an nan ya ƙara wa kaji abin da tono ba ya ba su, watau furotin da kalsiyam da ruwa mai tsabta. Ya bar kaza 2 ko 3 su yi kwanci, ya riƙa kwashe ƙwan sauran, ya kuma ajiye zakaran da uwarsa ta fi ƙwai. Sai waɗannan sun kankama ne sayen ingantaccen iri zai biya kuɗinsa.

Idan 'yan tsaki suka daina mutuwa, uwar gida ba ta da dalilin barin ƙwai duka a ƙyanƙyashe, kuma rarar da aka samu yara suka fi cancanta da ita. Camfin da ke cewa yaron da ke cin ƙwai zai tashi da sata ba shi da tushe. Kaji 6 da ake kula da su, kowace tana ba da ƙwai 60 na ci, sun isa su sa wa yaro ɗaya dafaffen ƙwai a kwanonsa kusan kowace rana ta shekara.